Jan Zaren da Burgi Ta Ɗaura

Burgi Holzknecht ta shekara talatin da huɗu tana aiki a ɗaki guda, a ƙarƙashin tashar kujerun da ke ɗaukar mutane zuwa saman dutsen ƙauyenmu. Da rani tana can kan tudu da shanun yayanta, tana yin cuku. Da zarar dusar ƙanƙara ta sauka sai ita ma ta sauko, ta kunna dutsen gugar da take narka kaki da shi, ta hau gyaran allunan zamiya a kan ƙanƙara. Ƙugunta na hagu ya samu matsala tun tana yarinya, don haka ba ta taɓa hawa allo ba ko sau ɗaya. Amma in ka miƙa mata naka, za ta shafa gefensa da babban yatsa ta gaya maka inda kake jin tsoro.

'Yata Afra ta rasu a watan Oktoba, tana da shekara ashirin da shida, bayan wata goma sha huɗu na jinyar sankarar jini. Allonta ya zauna a bayan ƙofa har Maris. Ni malamin lissafi ne, kuma da katako biyu, ɗaya a kowace ƙafa, na yi zamiya duk rayuwata, kamar ubana. Sai na ƙudura cewa kafin ƙanƙarar bana ta narke zan sauko ta gangaren arewa, wanda ta fi so, a kan allonta.

Matsalar ita ce maɗauran ƙafa. Nata masu bel biyu ne, irin waɗanda sai ka zauna a ƙasa ka sunkuya ka ɗaure kowane bel, kana jan mariƙinsa haƙori bayan haƙori. Suna riƙe ƙafa gam, allon yana jin ko motsin ɗan yatsa. Akwai kuma na zamani, waɗanda za ka taka kawai su kulle da kansu. Shekarata hamsin da tara, bayana ba ya son sunkuyo. Na yi karatun kowane iri, na zana tebur na kwatanta su, na tafi wurin Burgi da takardar.

Ko kallonta ba ta yi ba.

“Malam, wannan jarrabawar ɗalibanka ce? Ajiye ta can. Juya ka kalli bango.”

Na juya. Sai kawai na ji ta hankaɗa ni ta baya da hannu biyu. Ƙafata ta dama ta yi gaba ta tare ni.

“Dama,” in ji ta. “Kamar Afra. Duk kwarin nan ku kaɗan ne masu sa dama a gaba a kan allo, kuma dukanku taurin kai ne da ku.”

Haka take yi wa kowa kafin ta taɓa noti ɗaya, har da limamin coci. Ta ce baki yana ƙarya, amma ƙafa ba ta iya ba.

Na ce mata ta cire na Afra ta sa mini masu kulle kansu.

“Minti goma ne aikin,” ta ce. “Noti takwas. Kuma ba laifi ba ne, ni kaina na sa wa rabin tsofaffin garin nan. Amma kafin in kwance, ka duba abin da kake so in kwance?”

Ta ɗora allon kan teburinta a ƙarƙashin fitila. A jikin kowane mariƙi akwai ɗan madauki na jan zare, mai faɗin da zai ɗauki tafin hannu. Na sha ganinsu. Na ɗauka ado ne.

“Hunturun bara ta zo nan,” in ji Burgi, tana goge hannu da tsumma. “Maganin ya kashe mata yatsu, ba ta iya kama mariƙin. Ta ce, ‘Inna Burgi, nuna mini na ragwaye.’ Na sa mata. Ta sauko sau ɗaya, ta dawo ta ce kamar rawa ce da takalmin aro. To, sai na mayar da nata, na ɗaura wannan. Ta zura hannu ciki har wuyan hannun, ta ja da dantse. Ta ce kada in gaya maka, wai za ka zana tebur.”

Na san adadin ƙwayoyin jininta na kowane mako a wannan hunturun, har yanzu zan iya jero su. Ban san ba ta iya ɗaure ƙafarta ba. Matar da ba ta taɓa hawa allo ba ce ta sani, ta kuma warware shi da zaren da take ɗaure buhun gishirin shanu.

“Bar su,” na ce.

“Bayanka fa, Malam?”

“Zai koya.”

“Allah ya ba shi haƙuri.” Ta saki bel ɗin da huda biyu don takalmina ya shiga, ba ta taɓa komai ba bayan wannan.

Sati uku na yi a ƙaramin gangaren masu koyo, ina faɗuwa. Ranar Asabar ta ƙarshe kafin a rufe kujerun, na hau zuwa sama da hantsi. Na zauna a ƙanƙara don in ɗaure, abin da mai katako biyu ba ya yi. Shekara hamsin ina wucewa ta nan a tsaye, ina sauri. A zaune, bakin gangaren yana ɓoye kwarin gaba ɗaya, ba gida, ba titi, ba igiyar kujeru. Sai fari, sai duwatsu bayan duwatsu har inda ido ya gaza, sai sama mai shuɗin da ya kusa zama baƙi. Ba sauti ko kaɗan. Wannan take gani duk lokacin da ta sunkuya. Na zura hannu cikin jan zaren na ja, haƙori bayan haƙori, har ƙafata ta kamu.

Na faɗi sau goma sha ɗaya. Na ƙirga. Amma a tsakiya akwai juyi uku a jere da allon ya bi ni kafin in gama tunanin juyawa.

Da na mayar wa Burgi shi don ta shafa kakin ajiya, ta bi gefensa da yatsa.

“Kana tsoron gefen da ke wajen yatsun ƙafa. Ita na diddige take tsoro.” Ta ɗaga madauki ɗaya ta duba. “Wannan ya fara cinyewa. Baɗi zai tsinke.”

“Kada ki canza shi.”

“Wa ya ce zan canza?” Ta buɗe aljihun tebur, ta yanko sabon zare, ta ɗaura shi kusa da tsohon. “Ka riƙa jan sabon. Wancan ya gama nasa aikin.”