Mataki na Huɗu a Tsanin Yaya Habu

Ina hura wuta da sassafe a gidana na Bande, salula ta yi ƙara. Rabi ce, matar yayana. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Dije, Yaya ya riga mu gidan gaskiya. Yana bisa tsaninsa a zaune, maza na zuwa su sauko da shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya Habu, wanda ƴan lakwal, ɗaliban boko, suka sani da Mushe Habu, wato Malam Habu a bakin Faransanci, ya daɗe yana koyarwa a ƙauyukan Mallawa. Da ya ajiye alli, sai ya haɗa madubin duban taurari, wani ƙaton bututu da ya fi shi tsawo. Wurin sa ido yana can sama, dole sai an hau. Yanzu ina jin ana raɗa wai faɗowa ya yi, wai turo shi aka yi don ya leƙa abin da ba a leƙawa. Shi ya sa na ɗauki biro, ko da karatuna bai yi nisa ba. Yayana bai faɗo ba.

Ku da kuke faɗa ba ku san yadda ya zaɓi tsanin nan ba. Na rumbu Rabi ta fara kawo masa. Ya ce, "Wannan jingina yake so. A tsakiyar fili, da me zan jingina shi? Da sama?" Ya sayo na ƙarfe a kasuwar Magariya, sai ƙafafunsa suka riƙa nutsewa cikin rairayi, ɗaya kafin ɗaya. Ya ba masallaci don gyaran fitila. Daga nan ya je wurin kafinta. Ya ce ƙafafu su buɗe, a shimfiɗa katako ƙarƙashinsu, kowane mataki ya ɗauki tafin ƙafa duka, a sa mariƙi. Sau uku yana mayar da shi. Kafintan ya ce, "Mushe, tsani kake so ko gidan bene?" Yaya ya ce, "A duhu mutum ba ya ganin ƙafarsa. Idonsa na sama, hankalinsa na sama. Tsanin ne zai kula da shi."

Haka aka same shi: zaune a mataki na uku, kafaɗarsa a jikin mariƙi, raɓa a hularsa. Tsanin bai gusa ba, bai sake shi ba har gari ya waye.

Ni ban taɓa hawa ba yana da rai. Nakan ce, "Yaya, abin da Allah Ya nisanta, a bar shi nesa." Shi kuwa yakan yi dariya ya ce, "Matsoraciya, Shi Ya ba mu idon. Hau, ba zai motsa ba."

Bayan sadakar uku, maza suka ce gobe a faskare tsanin. Da aka yi isha'i na fita da tocila na haska shi. Matakai uku sun goge da sawunsa. Na huɗu kuwa sabo fil, ba a taɓa taka shi ba. Rabi ta ce daga bakin ƙofa, "Naki ne. Ya ce ke gajera ce, uku ba za su kai ki ba."

Na yi bisimilla na hau. Madubin yana nan inda ya bar shi. Na sa ido, baƙi ƙirin. Can sai wani tauraro ya shigo daga gefe, ya ratsa a hankali, ya fita. Tsigar jikina ta tashi, amma tsanin ƙyam, kamar akwai mai riƙe da shi a ƙasa. Na duba. Rabi na can nesa, ta rungume hannuwanta. Da safe dai na ce wa maza ba mai taɓa tsanin nan.

Allah Ka jiƙan Yaya Habu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa. Ka ba Rabi da ƴaƴansa haƙuri, Ka tsaya musu. Ya Allah, ranar tsallake siraɗi Ka tabbatar da ƙafarsa, kada ta zame. Amin.