Kunkuruna a Ƙarƙashin Gado

Na taɓa kiwon kunkuru a gidan da nake haya a Agege. Wani mahauci maƙwabcina ya bi ɗaki-ɗaki yana cewa asiri nake yi da shi. Don in huta da surutu, sai na tura shi ƙarƙashin gado. Wata uku bai ga rana ba. Idanunsa suka kumbura, ya daina cin ganye, ƙoƙon bayansa ya yi laushi har yana lotsawa in na danna. Likitan dabbobi ya ce rashin rana ne, kuma na makara.

Ranar da ya mutu, mahaucin nan ya yi sallama a ƙofata, ko kunya babu.

"Malam, ba ni ƙoƙon mana, zan haɗa maganin kasuwa."