Ranar da Suka Naɗe Kafet ɗin Yaya Habu

Shekara bakwai ke nan, a wannan watan, da rasuwar yayana Habu. Shekara goma kuma da ranar da aka nuna shi a talabijin yana godiya. Mutane sun fi tuna ta biyun. Har yau idan na je sallar Juma'a a masallacin Regent's Park sai wata ta riƙe mini hannu ta ce, "Ke ce ƙanwar wanda Turawa suka gyara wa gida?" Sai in ce ni ce, in haɗiye sauran maganar. Bana dai na gaji da haɗiyewa.

Yaya ya gamu da shan inna yana ƙarami a Kano, ƙafafunsa biyu suka shanye. Sauran jikin kuwa sai wanda ya gani: ƙirji faffaɗa, damatsa kamar na mai faskare, ga baki da tsokana. Karatu ya kawo shi London, ya samu aiki a ɗakin karatu na wata jami'a da ke wajen Aldwych, ya auri Anti Rabi, suka haifi 'yarsu Ummi. Hukumar unguwa, wadda a nan muke ce wa council, ta ba su flat a hawa na ƙasa, a wani layi bayan Old Kent Road. A wurinsu na sauka lokacin da na zo karatun jinya, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

A waje Yaya a keken guragu yake, da kwat da taye, yana hawa bas kamar kowa. Amma keken nan a wurinsa takalmi ne. Da ya shigo gida, daidai inda kowa ke tuɓe nasa, nan yake sauka ya jingine shi. Daga nan sai hannuwa. Yakan dafa tafukansa ya cilla jikinsa gaba, kuma kafin mai ƙafa ya miƙe daga zaune ya riga shi isa kicin. Ya tsara gidan daidai da kansa. Kafet biyu ne masu kauri, ɗaya a kan ɗaya. Katifa a ƙasa. Ƙaramin firij, da butar shayi, da rishon lantarki suna kan wani guntun benci. Fitilu duk da igiya ake jan su. A banɗaki ya sa wani ɗan Ghana mai gyaran famfo ya kafa masa famfo taki ɗaya daga ƙasa, a nan yake alwala da wanka ba tare da ya kira kowa ba. Mu ne muke sunkuyawa. Yakan ce, "Ku dogaye ku yi haƙuri, gidan ba da awonku aka ɗinka shi ba."

Duk daren Asabar abokansa sukan taru, ɗalibai da likitoci da masu tuƙin tasi, a shimfiɗa leda a ajiye tire na tuwo. Kowa ya tanƙwashe ƙafa. A wannan zaman babu wanda yake kallon Yaya daga sama, kuma shi ne sarkin hira.

Abu ɗaya ne ba ya yi: ba ya sauka ƙasa a gaban wanda bai saba da shi ba. Tun yana yaro ya lura da abin da ke faruwa idan baƙo ya ga gurgu a ƙasa, hannu ne ke tafiya aljihu. Ya tsani wannan hannun fiye da ciwon kansa.

Wata rana yana fama da mura, sai wata Baturiya abokiyar aikinsa ta kawo masa wasu takardu. Da ya ji muryarta sai ya yi maza ya hau kekensa ya tare ta a bakin ƙofa. Ta ga keken ba ya shiga ƙofar falo sai an naɗe shi, ta ga tayoyin suna nutsewa a kafet. Matar kirki ce, ban taɓa zarginta ba. Ta tafi da ɓacin rai, ta rubuta wa wani shirin talabijin da ke gyara wa masu naƙasa gidajensu kyauta.

Ranar da masu shirin za su zo duba gidan, Anti Rabi ta yi abin da kowace Bahaushiya za ta yi idan za ta yi manyan baƙi. Ta yi shara, ta sa turaren wuta, ta aro kujeru daga maƙwabta, ta tura risho da buta cikin kabad don kada a ce suna girki a ƙasa. Yaya ya zauna cikin kekensa a tsakiyar falo, ya sha hula. Suka zo da kyamara da abin awo. Suka ce ya miƙa hannu ya buɗe firij, ya kasa, saboda daga kan keke firij ɗin ya yi masa ƙasa. Suka ce ya taɓo famfo, ya kasa. Wata daga cikinsu har da share hawaye.

Na ja kekensa gefe na ce, "Yaya, don Allah ka sauka su ga yadda kake yi."

Ya harare ni ya ce, "Ke Hadiza, mutane sun zo yi maka alheri sai ka tsaya kana ba su oda? Ƙofa kawai za su yi widening, su sa mini ramp, ɗan gangaren hawan keke, a waje. Bar su."

Ba zan yi musu ƙarya ba, sun tambaye shi me yake so. Amma sun tambaye shi ne da fitila a fuskarsa da mutum shida a kansa, ya ce duk abin da suka yi ya gode. Su kuwa ba su san cewa a wurinmu wannan amsar ladabi ce kawai ba, sai an sake tambaya a keɓe, an kuma sakewa. Abin da na kasa yafe musu shi ne famfon. Mutumin da sana'arsa gyaran gida, ya ga famfo taki ɗaya daga ƙasa, ga sabulu da buta a gefensa, ai ya kamata ya tambayi kansa wa ke amfani da shi. Su sai suka mayar da shi abin dariya a cikin shirin, wai wani mai gyara ne ya yi aiki a buge.

Aka kai Yaya da iyalinsa otal na mako guda. Ranar dawowa an cika layin da jama'a, ana tafi. Aka buɗe ƙofa. An naɗe kafet duka, an shimfiɗa wani daɓe mai sulɓi da sanyi wanda taya ke gudu a kansa. Gado na lantarki mai tsawo. Kicin sabo fil, komai daidai ƙirjin mai zaune a keke. An cire igiyoyin fitila, an kafa makunnai a bango. Banɗaki ya yi kyau kamar na asibitin kuɗi, an toshe wurin tsohon famfon da tayil. Ga teburin cin abinci da kujeru. Mai gabatar da shirin ya durƙusa kusa da shi yana tambayarsa yaya ya ji. Yaya ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce ya gode. Aka sa kiɗa mai taushi a daidai wurin.

Bayan an nuna shirin waya ba ta huta ba. Daga Kano ana ta barka, wai Turawa sun gina wa Habu gida. A masallaci ana rungume shi. Mutane suka riƙa zuwa ganin gida kamar ana zuwa ganin ɗakin amarya, shi kuma yana zagayawa da su a keke yana nuna musu yadda gado ke ɗagawa.

Za ku ce me ya hana shi mayar da kafet ɗinsa? Ya mayar da ɗaya a falo. Amma ruwa yana sama, wuta tana sama, abinci yana sama, makwanci yana sama. Idan ya sauka, ko ruwa zai sha sai ya sake hawa keke, ko ya kira Anti Rabi. A da sau ɗaya yake hawa a yini, da safe in zai fita aiki. Yanzu hawa da sauka ba iyaka, ga shekaru sun fara ja, kafaɗu suka fara ciwo. Mutumin da bai taɓa cewa a miƙo masa kofi ba, ba zai fara a shekara hamsin ba. Sai ya zaɓi zama a keken daga asuba har dare. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da dogon zama ke yi wa fata. Ni na riƙa wanke masa gyambon da ya fito masa, yana kawar da kai don kunya.

Hirar Asabar ma ta mutu a hankali. An koma tebur, kowa da farantinsa da cokali, ana ci ana duba agogo. Wanda ya tashi tsaye sai ya zama yana yi wa maigida magana daga sama.

Na matsa masa har ya yarda muka je council neman izinin sauko da famfo ɗaya kawai. Jami'in ya duba kwamfuta ya ce gidan yanzu yana cikin waɗanda aka gyara bisa ƙa'ida don masu keke, ba a taɓa shi. Ya ƙara da cewa ya kalli shirin, ya burge shi. A bas muna dawowa, mun kusa sauka, Yaya ya ce, "Kin san abin da ya fi damuna? Sujada. Da can goshina a ƙasa yake kamar na kowa. Yanzu sai dai in yi ta gyaɗa kai a kujera kamar mai jin barci." Ya yi dariya, ni na kasa.

Ba zan ce su suka kashe shi ba. Ajali ne, ciwon huhu ya kwantar da shi a wani hunturu, Allah ya karɓi abinsa. Abin da nake cewa shi ne shekarunsa uku na ƙarshe ya yi su ne a matsayin baƙo a gidansa. Kuma ba a daɗe da yin sadakar arba'in ba council ta sanar da Anti Rabi cewa irin wannan gidan na masu keke ne, akwai masu jira. Aka mayar da ita da Ummi wani flat a hawa na huɗu can bayan gari. Gidan Yaya kuwa na ji an ba wani saurayi da ya karye a baya, kuma komai ya yi masa daidai. Na yi masa murna da gaske. Ashe tun farko nasa aka gina, Yaya ya riƙe masa ne kawai.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Irin shirin nan ya ƙaru, yanzu har a waya ake yanka shi guntu-guntu, daidai wurin kukan ake turawa. Na san akwai waɗanda aka taimaka wa da gaske, na ga yaran da suka samu banɗakin da iyayensu ba za su iya yi musu ba. Da Yaya ne zai ce in bar mutane su ci arzikinsu, in daina baƙin rai. Wataƙila ma ya ce laifinsa ne da ya yi shiru, kuma akwai gaskiya a ciki, don har yau ina jin haushinsa a kan shirun nan. Amma ana maimaita nasa shirin da rana, na taɓa cin karo da shi a talabijin ɗin ɗakin marasa lafiya ina tsakiyar raba magani. Wata tsohuwa ta ce mini, dubi yadda bawan Allah ya rasa bakin magana don daɗi. Na ce mata haka ne, na ba ta maganinta.

To me ya rage na Yaya Habu? Gidan ya tafi, abokan hira sun watse, kafet ɗin ma ban san inda aka jefar da ɗayan ba. Hoto mai motsi guda ɗaya muke da shi nasa a duniya, shi ne wannan shirin, domin bai taɓa yarda a ɗauke shi yana ƙasa ba. Duk wanda zai san shi nan gaba, mutumin da ke cikin keke yana godiya zai sani.

Watan jiya Ummi ta zo wurina, ta zama budurwa, an sa ranar aurenta. Ta ce ta nuna wa wanda za ta aura shirin don ya ga mahaifinta, sai ta ji kamar wani take nuna masa. Hausarta ba ta da ƙarfi, takan haɗa da Turanci. Ta ce, "Gwaggo, na fara forgetting. Ta yaya Baba yake zuwa ya buɗe mini ƙofa in na dawo school? Show me."

Na miƙe. Sannan na ɗaure mayafina a ƙugu, na zauna a ƙasa, na tanƙwashe ƙafafuna, na dafa tafukana kamar yadda na ga yana yi shekara da shekaru. Na cilla jikina gaba, na sake. Ban kai tsakiyar falo ba wuyan hannuna ya ƙi ɗaukata, na kife a gefe ɗaya ina haki.

Ummi ta sauko ta zauna kusa da ni ta ce, "Ba haka ba ne, Gwaggo. Shi da sauri yake yi, kuma yana waƙa."

Na ce mata na sani. Muka zauna a wurin, babu wadda ta tashi ta kunna fitila har aka kira magariba a wayata.

Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya sa ya huta.