Kifayen da Na Ƙi Zubarwa

Wani tsoho Bamisire, maƙwabcinmu a unguwar Faisal, shi ya bar mini kifayen lokacin da 'yarsa ta zo ta ɗauke shi ya koma wurinta da zama. Ƙanana ne, ba su wuce tsawon yatsa ba. Kifin bakan gizo ake ce musu. Ya ce irinsu a tafki ɗaya tak suke, can a wani tsibiri mai nisa, kuma ko a can sun kusa ƙarewa. Da hantsi, in rana ta bugi akwatin gilashinsu, sai ka ga gaban jikinsu shuɗi, wajen wutsiya ja kamar garwashi.

Babba a cikin 'yan ɗakinmu, wanda ya riga mu zuwa karatu, muke ce masa Yaya, tun ranar farko bai so ba.

"Karatun addini ka zo yi, ko kiwon abin da ba ya shiga miya?"

"Duka biyun, Yaya."

Sanyi ya shigo. Kifayen ba sa jure ruwan sanyi, sai na jona musu na'urar ɗumama ruwa, na lulluɓe akwatin da bargona. Wata rana na dawo daga karatu a unguwar Darrasa na tarar Yaya ya zare wayar tun safe, ya jona butar shayi, ya manta. Ɗaya daga cikin kifayen yana saman ruwa, ciki sama.

"Ma'alish, yi haƙuri," in ji shi. "Kifi ne fa. Khalas, shi ke nan, juye sauran a masai mu huta. Ko su fita, ko kai ka fita."

Ban taɓa yi masa musu ba sai ranar. Na ce, "Amana aka ba ni, Yaya. A littafin da kake karantar da mu na ga hukuncinta."

Cikin sauran 'yan ɗakin ba wanda ya goya mini baya. Ban jira ba. Na kwashe kifayen a bokitin wanka, na rufe da leda, na hau ƙaramar bas zuwa unguwar Ard al-Liwa, inda wani abokina ɗan Nijar ke da wuri. Ruwa yana fantsama a cinyata, direba yana ta faɗa, ni ko na rungume bokitina. Washegari na koma na ɗauko akwatin da littattafaina.

Da zafi ya dawo, na ga wasu 'yan mitsitsin abubuwa kamar gashin ido suna yawo cikin ciyawar ruwan. Sai da abokina ya haska da wayarsa muka gane 'ya'ya ne. Na kira tsohon na gaya masa. Ya daɗe yana dariya, har tari ya sarƙe shi.