Sifanonin Cikin Buhu

Thaddeus ya sauka Abuja ne a shekarun da gari ya haukace da gini, farar hula sun karɓi mulki, kowane ƙanin kansila ya sayi mota ko da bai san inda ake zuba mata ruwa ba. Daga wani ƙauye bayan Kafanchan ya taho, da jakar leda ɗaya da bakin da ba ya rufuwa. Shi da makaranta kuwa tun ajin farko na sakandare suka rabu, ba faɗa ba gaba, kowa dai ya gane ba sa jituwa.

A Karu ya faɗa hannun Oga Saleh, bakaniken da ba ya wasa da sallah, ba ya kuma wasa da duka. Akwai wani tsohon fambel, bel ɗin injin mota, da ke rataye a ƙusa cikin rumfarsa. In sifana ta ɓace ba a bincike, fambel ne ke tambaya. Thaddeus ya sha shi har ya zama in ya ga Oga ya nufi ƙusar, da kansa yake tuɓe riga ya ce, "Oga, yau da wane gefen za mu fara?" Sai a ƙara masa na rashin kunya.

Ranar da aka yaye shi aka sha lemo, Oga Saleh ya ba shi guduma ɗaya da addu'a mai tsawo. Sauran kayan aiki, in ji shi, namiji shi ke neman nasa.

Thaddeus ya shiga kasuwar Wuse da ɗan abin da ya tara. Da mai shago ya faɗi farashin akwatin sifanoni 'yan Jamus, sai ya tambaye shi, "Har da shagon ke nan, ko?" Aka kore shi. Ya koma lungu ya sayi wasu masu ƙyalli kamar cokulan amarya. Aikinsa na farko wata tasi ce mai kore da fari, notinta ya yi tsatsa. Ya sa sifana, ya taka ƙafa, ya zuba ƙarfinsa duka. Sifanar ta karye kamar busasshen rogo, bakinsa ya haɗu da bamba, haƙori ɗaya ya yi sallama. Direban ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya tura motarsa rumfar gaba.

Yana zaune a bencin Talatu mai abinci, yana tauna shinkafa da gefe ɗaya, sai ga wani siriri da buhu. Ya zauna kusa da shi ya buɗe bakin buhun kaɗan. Sifanoni ne, da filaya, da sukudireba, duk an shafe su da shuɗin fenti.

"Gwanjo ne daga Kwatano," in ji siririn. "Ɗaga ka ji."

Thaddeus ya ɗaga ɗaya, ya ji nauyin ƙarfen gaske. Ya buga ta da wata, ƙarar ta fita tas. Da aka faɗi farashi bai ma yi tayi ba, don kada mutumin ya farka.

Talatu ta leƙo daga bayan tukunya. "Ɗana, araha fa ba ta ado."

"Mama, ado nake nema? Noti zan kwance."

To, a layin makanikai kowa da shaidar da yake yi wa kayansa. Wani ya yanka wuyan sifana da zarto, wani ya ɗiga mata walda. Shi ya sa ba bakaniken da ke sayen tsohon ƙarfe bai kankare wuyansa ya duba ba. Thaddeus ya san wannan sarai, ya ji shi a bakin Oga Saleh har ya gaji. Amma daɗi ya rufe masa ido, ya ɗauki fentin nan kwalliyar Turawa ce.

Da yamma ya zuba su cikin kwanon fetur ya wanke, yadda ake yi kafin a tashi, ya jera su kan buhu a bakin hanya don duk mai wucewa ya san an yi sabon oga. Fetur ya cinye fentin. A wuyan kowace sifana ga gicciye, yankan zarto, tsaf.

Mai gicciyen nan Albert ne, bakaniken tifa, ƙato mai wuya kamar turmi. An fasa rumfarsa a makon da ya wuce, an kwashe kayan da ya yi shekaru yana tarawa, tun ranar kuma yake yawo ido jajur. Ya zo wucewa, ya tsaya, ya duƙa ya ɗauki babbar sifana.

"Kai, wa ya ba ka wannan?"

"Oga Albert, saye na yi. In aro kake so sai ka yi layi."

Da sifanar ya amsa masa, a gefen kai. Thaddeus ya faɗi, kunnensa na kuka, ya ji Albert na ihu, "Ɓarawo! Ga shi nan! Ɓarawo!"

Kafin ya miƙe an rufe shi. Masu faci, masu walda, 'yan acaɓa, har waɗanda ba su san me aka sata ba. Wani da bel, wani da katako, wani da salansar babur. Ya kare kansa da hannun dama, Albert ya take hannun a ƙasa ya sauke masa ƙarfe a kan yatsu. Ya ji ƙashi ya amsa. Ya buɗe baki zai yi bayani, jini ya cika shi. Sai ya ji an saƙala masa taya a wuya, an juye masa kwanon fetur ɗin da ya yi wanki da shi. Wani ya ce, "Wa ke da ashana?"

Talatu ce ta fara kutsowa, da muciya a hannu tana bugun duk ƙafar da ta samu. "A gabana ya saya! A bencina! Ku kashe ni tare da shi, 'yan banza!" Ba wanda ya saurare ta sai da Oga Saleh ya iso, ruwan alwala bai bushe a hannunsa ba. Ya tsallaka ya zauna a kan Thaddeus, cikin fetur ɗin.

"To, ku kunna."

Wani dutse da aka riga aka jefo ya fasa wa Oga Saleh goshi. Bai ko shafa ba.

"Albert, yaron nan wawa ne, ni na san wautarsa. Amma ka taɓa ganin ɓarawon da ya wanke kayan sata ya shanya a bakin titi? Kwashe kayanka."

Albert ya tsaya yana huci. Ya tattara sifanoninsa cikin buhu, ya tofa yawu, ya tafi. Taron ya watse, wasu na gunaguni an hana su aiki.

Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa har yau. Wannan bai dami Thaddeus ba kamar sunan da ya manne masa. Ya dawo layi, mutane na janye akwatinsu in ya matso. Ba mai ba shi aron ko da ƙusa. Direbobi su tsaya, a raɗa musu wani abu, su wuce.

Damina ta kusa ƙarewa aka kama siririn, yana fasa wata rumfa a bayan layi. Aka zo aka ja Thaddeus har wurin. Mutumin na kwance, fuska ta kumbura, an karya masa ƙafa. Albert ya miƙo wa Thaddeus ƙarfe.

"Ga mutuminka. Rama."

Thaddeus bai karɓa ba. Ya durƙusa kusa da kunnen mutumin.

"Abokina, ka gane ni? Faɗa musu wa ya sayar min da buhun nan. Da ƙarfi, Oga Albert ba ya ji sosai."

"Ni ne," in ji siririn. "Wallahi ni ne, bai sani ba."

Thaddeus ya miƙe ya dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, sai da kowa ya kau da kai. Ya juya ya kama hanya, ƙarar duka ta ci gaba a bayansa har motar 'yan sanda ta iso.

Washegari da safe wani mai faci ya zo rumfarsa, yana sosa ƙeya, wai ko zai duba masa birkin motar ƙaninsa. Thaddeus ya ce a turo ta, amma a zo da sifana, nasa kayan aikin ba su cika ba tukuna.