Shekarun da Na Riƙe Katin Yaya

Ranar da Umma ta miƙo min katin bankin Yaya, sai da ta yi min huɗuba kamar wadda za a damƙa wa baitulmali. Ta ce amana ce, ta ce Allah yana gani, ta ce ko da wasa kada Kawu ya san lambar sirrin. Wajejen 2013 ne, ina aikin rubuce-rubuce a ofishin wata makarantar 'yan mata. Wannan aikin ne ya sa gida ya yanke hukuncin cewa na iya lissafi.

Yaya shi ne babbanmu, ya girme ni da shekara tara. Shan inna ya kama shi tun yana ƙarami, ya tafi da ƙafafunsa biyu, ya kuma bar masa ciwon baya da ke tashi duk lokacin da ya ga dama. Kakanmu daga Kano ya zo aikin Hajji bai koma ba, mu kuma a unguwar Utaibiyya, ba nisa da Harami, aka haife mu da takardun ƙasa, don haka Yaya yana samun tallafin da hukuma ke ba naƙasassu kowane wata. Ba zan faɗi adadin kuɗin ba, don kada in kunyata dangin da suka daɗe suna ninka shi a zukatansu. A bakinsu kuɗin ya isa sayen bene a gefen Harami. Duk Sallah sai Kawu ya dubi Yaya a kan kekensa ya ce ai mu mun huta, gwamnati ta ɗauke mana nauyi. Yaya yakan ce masa idan yana so su yi musaya, ga keken nan.

Manyan bakuna biyu ne ke cin kuɗin. Na farko wata cibiya ce mai zaman kanta inda ake yi wa Yaya gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Asibitin gwamnati yana yi kyauta, amma kafin layi ya zo kanka ka manta abin da ke maka ciwo. Kowane zuwa ana kiransa jalsa, riyal tamanin, sau uku a mako. Na biyu direba ne, wani dattijo mai ƙaramar bas da ya cire kujerar baya don keke ya shiga, riyal talatin zuwa da dawowa. Abin da ya rage yana tafiya ga magani da tayoyin keke, waɗanda hawa da gangaren unguwarmu ke cinyewa kamar gyaɗa. A shekarar farko lissafi yana fita daidai, har da ɗan canji. Na sayi littafi mai bango ja, ina rubuta komai, ina jin kaina.

Cibiyar nan ba ta taɓa ƙara farashi ba. Haka mutumin da ke zaune a teburin karɓar kuɗi ya sha gaya min, da murmushi. Abin da suke yi shi ne inganta hidima. Ingantawar farko fenti suka yi wa bango, jalsa ta koma riyal ɗari. Ta biyu suka rataya talabijin a ɗakin jira, suka daina kiran Yaya mara lafiya suka koma kiransa babban abokin hulɗa, jalsa ta koma ɗari da ashirin. Daga baya suka raba hidimar gida biyu, ta azurfa da ta zinariya. Na tambaya mene ne bambancin. Ya ce ta zinariya minti arba'in da biyar ce. Na ce ai minti arba'in da biyar ɗin muke samu tun farko. Ya ce masha Allah, ashe mun daɗe a zinariya ba mu sani ba. Mai gashin dai shi ne na da, wani Bamisire mai yawan hira, hannuwansa su ne na da, tawul ɗin ma ina kyautata zaton shi ne na da.

Direban kuwa mutum ne mai tsoron Allah, carbi ba ya barin hannunsa. Shi ma ba ya ƙara kuɗi, yanayi ne ke ƙarawa. Da azumi cunkoso ne. Da Hajji sai ya ɓace da motar mako biyu, yana jigilar kwalayen abinci zuwa Arfa da Muzdalifa, ya dawo ya yi baƙi, da ledar dabino ta tsaraba da sabon farashi. Dabino mafi tsada da na taɓa ci ke nan. Da aka ƙara kuɗin mai, sai da ya kusa yin hawaye a ƙofar gidanmu yana rantsuwa ba don kansa ba ne. Alhazai su tafi, gari ya yi shiru, titi ya buɗe, amma farashin ya zauna inda ya hau. Na taɓa tuna masa cewa mausim, wato lokacin Hajji, ya wuce. Ya ce ai wani yana tafe.

Tallafin shi kaɗai ne mai riƙe alkawari a cikinsu. Yadda ya zo a watan farko haka yake zuwa, ba daɗi ba ragi.

Da farko daga albashina nake cikawa ban gaya wa kowa ba. Da abin ya fi ƙarfin albashin, a 2016, na soke jalsa ɗaya a mako. Na gaya wa Yaya cewa mai gashi ya ce jikinsa ya yi kyau, biyu sun isa. Ya dube ni ya ce alhamdu lillahi. Shi kuma mai gashin na ce masa Yaya yana gajiya da yawan fita. Na dawo gida ina yaba wa kaina hikima: na kare yayana daga damuwa, na kare Umma daga hawan jini, littafina ya daidaita.

A farkon 2018 aka shigo da haraji a kan kaya, mai ya sake tashi, wutar lantarki ta bi shi. Jalsa ta koma ɗari da hamsin. Na je da shirina, na ce wa mutumin teburin na ji an ce hukuma ta ɗauke wa 'yan ƙasa harajin jinya. Ya yaba min da bin labarai, ya ce gaskiya ne, ko sisin haraji babu a ciki. Ƙarin na lantarki ne da haya. Wato dai na ci muhawara, na biya kuɗin. Direba ya kai saba'in. Na soke jalsa ta biyu, na ce wa Yaya mai gashi ya ce yawan motsa gaɓoɓin ma yana iya jawo illa.

Abin da ban lissafa ba shi ne Yaya da mai gashin suna zama minti arba'in da biyar a ɗaki ɗaya, kuma ɗayansu ba ya iya yin shiru. Wata Talata Bamisiren ya yi wa Yaya nasiha a kan lalaci. Ya ce gwiwoyinsa suna ƙara sandarewa, ya daina fakewa da gajiya, namiji ne shi.

Yaya ya dawo ya shige ɗakinsa. Sai bayan la'asar, ina naɗe kayan wanki a falo, Umma tana tsintar shinkafa, ya turo kekensa ya tsaya a gabana. Mudira yake kirana idan yana son tsokana, wato shugabar ofis.

"Mudira, ashe na samu sauƙi?"

Na ce masa da sauƙi mana.

"Mai gashi ya ce ni rago ne. Ke kin ce ya ce na warke. Ni da nake zaune a kan keken, ba wanda ya sanar da ni ko ɗaya."

Na tashi na ɗauko littafin ja na ajiye masa a cinya, don a ganina shi ne lauyana. Ya buɗe, ya bi shafi shafi, ya daɗe. Ya ga inda na riƙa cikawa da albashina, ya tsaya a nan, ya shafa gemu. Na ɗauka godiya ce ke tafe. Sai ya tambaye ni, a cikin shekara biyar ɗin nan, a wane shafi ne aka tambaye shi ra'ayinsa. Na ce ba na son ya damu. Ya ce shekararsa arba'in, ya san yadda ake damuwa, ba sai an yi masa ba. Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi katinsa.

Umma ta fara cewa a bi a hankali, ya ce mata ai a hankali yake komai, ba shi da zaɓi. Na ɗauko katin na ba shi har da littafin da biron. A raina na ba shi wata biyu kafin ya dawo min da su.

Da direba ya fara. Ya sa aka kira shi, aka kawo shayi, suka zauna sa'a guda. Yaya ya daɗe da ƙwarewa a harkar takardu ta waya, sabunta wannan, neman ranar ganin wancan, kuma ashe shi dattijon, kuɗi yake biya a wani shago ana yi masa. Suka daidaita: Yaya zai riƙa yi masa takardunsa da na iyalinsa, shi kuma ya koma hamsin, Hajji ko ba Hajji. Na yi shekara biyar ina gaishe da mutumin nan cikin ladabi bai taɓa sauke riyal ɗaya ba.

A cibiyar kuwa bai yi nasara ba, kuma na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. Ya nemi ganin shugabansu, aka ba shi ruwan sanyi da murmushi da farashin da aka ba ni. Sai ya roƙi Bamisiren ya koya masa abin da zai iya yi a gida da igiyar roba, ya mayar da jalsa sau biyu a wata. Kuɗin da ya ragu ya zuba su a mota. Ranar Alhamis a kai shi wurin shan shayi inda abokansa na makaranta ke taruwa, ranar Juma'a a kai shi Harami.

Nan na fusata. Na ce masa na hana kaina takalmi da jaka don gwiwoyinsa, shi kuma ya kwashi kuɗin jinya ya kai wa mai shayi. Ya bari na gama tas.

"Kin kula da ƙafafuna ƙwarai, Allah ya saka miki," ya ce. "Amma ni kin bar ni a ɗaki. Rabona da in fita ba don a ja min ƙafa ba, shekara nawa?"

Babu wannan a littafin.

Ba zan ce lissafinsa ya fi nawa kyau ba. Gwiwoyinsa sun ƙara sandarewa a shekarar, bayansa ya tashi da sanyi har ya kwana uku bai sauko daga gado ba, dole ya koma jalsa kowane mako na ɗan lokaci. Watanni biyu a jere kuɗinsa suka ƙare tun ranar ashirin, ya zo neman rance a wurina. Na ba shi, tare da jawabi mai tsawo wanda na daɗe ina tanadi. Ya saurara da haƙuri, ya ce jawabin ya fi rancen yawa. Amma ya yi ƙiba kaɗan, ya dawo da labarai, ya fara sanin wanda ya yi aure da wanda ya rasu kafin mu mu ji. Umma, wadda ta fi kowa tsoron sabon tsarin, ita ce ta koma guge masa farar riga tun daren Laraba.

A 2019 na samu lasisin tuƙi, bayan an buɗe wa mata, na sayi wata tsohuwar mota mai faɗin baya. Dattijon direba ya zo taya ni murna da fuskar mai ta'aziyya, ya yi min addu'ar Allah ya tsare ni daga lungunan Utaibiyya, waɗanda a cewarsa ba na mata ba ne. Yaya bai sallame shi gaba ɗaya ba, ya bar masa ranar Alhamis, don ya ce ba zai iso wurin abokansa ƙanwarsa na tuƙa shi ba. Cibiya da Harami suka zama nawa.

Fitarmu ta farko na yi minti goma ina ƙoƙarin juya motar a lungunmu, maƙwabta suna leƙowa ta taga, Yaya yana gefena yana ba da umarni kamar wanda ya shekara talatin yana tuƙi. Da muka hau babban titi ya ciro wayarsa ya buɗe lissafi, ya tambaye ni nawa zan riƙa karɓa na mai. Na ce arba'in. Ya ce ashirin, tunda har yanzu koyo nake yi a kansa. Muka tsaya a ashirin da biyar, da sharaɗin shi zai sayi shayi a hanyar dawowa.