Hantar Gadar da Kaka Bai Ci Ba

Ƙamshin hanta a kan garwashi ne ya tsayar da ni jiya da la'asar a bakin tashar Gwarzo. Na rufe shago ina sauri in kai gida, sai mai tsire ya juya tsinke, kitse ya ɗiga a wuta, hayaƙin ya daki hancina. Na tsaya cak a tsakiyar hanya har wani mai babur ya daka mini tsawa. Mai tsiren ya san ni. Ya ce, "Malam, yau ma ba za a sa hanta ba?" Na ce ya sa mini tsoka kawai. Shekara da shekaru yana yi mini wannan tambaya ina ba shi amsa ɗaya, kuma bai taɓa neman dalili ba. Kai zan faɗa wa dalilin.

A wani ƙauye aka haife ni tsakanin Dugabau da Gude, a ƙasar Kabo, lokacin da in ka wuce gonakin bayan gari sai daji ya karɓe ka. Ba wani ƙungurmin daji ba ne, kada in cika maka baki. Sabara ce da geza da kalgo, sai sarƙaƙiya a bakin kwazazzabai. Amma akwai zomo, akwai zabin daji, akwai gada ga mai rabo. Kakana na wajen uba shi ne babban mafaraucin ƙauyenmu. Dogo ne siriri, maganarsa ba ta da yawa. Bai taɓa riƙe bindiga ba, kayan aikinsa mashi ne da gora, da wuƙar da ba ta rabuwa da damtsensa.

Duk gidan ana shakkarsa, ni kaɗai yake tsokana. Yakan ce ba abin da ya kawo ni duniya sai in ƙwace masa mata. Kakata kuwa, wadda muke kira Iya, sai ta ce ai gara ni, ko ba komai ina da haƙora. Shi kuma ya yi murmushi ya ci gaba da wasa bakin mashinsa a kan dutse.

Ina ɗan shekara goma ya fara koya mini jifa a jikin wani kututturen marke da ke bayan gidanmu. Mashi ba ƙarfi yake so ba, saki yake so. In ka murɗa hannu wajen sakinsa, sai ya juya a iska ya sauka a kwance, sandar ta daki abu maimakon tsinin. Wannan ita ce cutata, kuma na daɗe ina fama da ita. A wajen kututturen nan ne Kaka ya faɗa mini hukuncin da kowane mafarauci ya sani kafin ya san sawun dabba. Abin da ka jefa da bismillah, tsinin mashi ya huda shi, ko ka iske ya mutu halal ne. Abin da itace ya buge kuwa, ko gora ko sandar mashi, sai ka riske shi da rai ka yanka. In ka iske rai ya fita, mushe ne, rabon karnuka ne.

Akwai wata al'ada a gidajen farauta irin namu. Ranar da yaro ya yi kisansa na farko da mashi, ba mai taɓa naman sai an gasa hantar an kai wa babban gida ya fara ci, ya sa masa albarka. Daga ranar an daina kiransa ɗan rakiya, kuma maganarsa ta zama abin riƙewa. Domin a daji ba a neman shaida. Sau da yawa mai jifa ne kaɗai ya ga yadda dabba ta faɗi, abin da ya ce shi mutane za su ci a kai.

Shekarar da na cika sha huɗu aka fara barina in riƙe mashi a cikin sahu. Sau uku ina fita ina dawowa hannu rabbana. Ɗan baffana, wanda na girme shi da wata biyar, tuni Kaka ya ci hantar zomonsa, har tafiyarsa ta canza. In gaya maka gaskiya, hassada ta ci ni a shekarar nan. Ga shi bazara ta kai maƙura, hadari ya fara leƙowa daga gabas, in ruwa ya sauka kuma an rataye masu ke nan, kowa ya koma gona, a bar dabbobi su haihu. Saura fita ɗaya tak.

Bayan sallar asuba aka busa ƙaho. Mafarautan garin Mainika suka iso da karnukansu, aka gaisa, aka yi addu'a, muka bazu muna dukan ciyayi da gora. Zuwa hantsi ƙasa ta yi zafi har ina jinta ta cikin takalmin taya, bakina ya bushe, ba abin da nake shaƙa sai warin busasshen ganye da gumin karnuka. Sahu ya kai ni bakin wani kwazazzabo, sabara ta raba ni da na kusa da ni. Nan gada ta yi tsalle ta fito, ƴar jaja-jaja, kusa da ni ƙwarai har na ga jijiyar wuyanta.

Na yi bismillah, wannan Allah ne shaida. Amma zumuɗi ya sa na murɗa hannu. Mashin ya juya, na ji ƙarar itace a kan ƙashi, ta kife ta gangara cikin kwazazzabon. Na bi ta, sarƙaƙiya ta riƙe mini riga, na fizga, ta riƙe wando. Kafin in kai ƙasa da wuƙa a hannu ta daina shure-shure. Na taɓa ƙwayar idonta, bai ƙifta ba. Na juya ta ko'ina, babu huda, babu jini, wuyan ne kawai ya karye.

Ina durƙushe na ji haushin karnuka yana matsowa. Ban tsaya dogon tunani ba, kuma ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, ni na yi. Na ɗauki mashin na caka mata a haƙarƙari, na bar shi a tsaye, sannan na kurma ihu.

Mutane suka taru, ana ta yi mini kirari, wani ya ɗaga hannuna sama. Yaro da gada a kisan farko ba ƙaramin abu ba ne. Kaka ne ya iso a ƙarshe. Ya tsuguna, ya zare mashin, ya sa yatsa a ramin, ya dubi yatsan, ya dubi ƙasar da take kwance. Ya shafa bayan wuyanta a hankali. Bai dube ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗauki abarka mu tafi."

Gada ba ta da wani nauyi, amma ban taɓa ɗaukar kayan da ya gajiyar da ni kamarta ba. Da muka shiga gari mata suka yi guɗa. Iya ta fito tana taka rawa da zaninta a hannu, tana cewa yau mijinta na gaskiya ya yi mata cefane, tsoho ya je ya huta. Babana ya feɗe ta a tsakar gida, fuskarsa cike da fara'ar da ban saba gani ba. Iya ta hau dakan yaji. Aka gasa hantar, aka barbaɗa gishiri, aka sa a akushi, aka miƙo mini in kai.

Kaka yana zaune a kan buzunsa a gindin ɗurumin ƙofar gida, an idar da la'asar. Ya ce wa mutanen da ke wurin su ɗan ba shi wuri da abokinsa. Ya wanke hannu, ya yanki ƴar tsoka daga hantar, ya riƙe ta a yatsu. Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Na haura saba'in, ban san ranar da na sa mushe a bakina ba. Ban ga jifarka ba, kai ka gani. In ci?"

Ina jin ƙarar turmin Iya daga cikin gida, ina jin yara suna faɗin sunana a bayan katanga. Na ce a raina kalma ɗaya ce, in na faɗe ta shi ke nan, na zama mafarauci. Ya jira ni iya jira. Da ya ga ban ce komai ba sai ya yi bismillah ya ɗaga hannu zuwa bakinsa.

Ban san lokacin da na cafke wuyan hannunsa ba. A gidanmu yaro ba ya riƙe hannun babba, amma na riƙe da hannu biyu. Na ce, "Kaka, kada ka ci." Sai kuka ya ƙwace mini, na faɗa masa komai, har da cakar da na yi mata bayan ta mutu.

Ya mayar da tsokar cikin akushi, ya sake wanke hannu. Ya kira Babana ya ce a ba karnuka naman gaba ɗaya. Baba ya ji dalili, idonsa ya kaɗa, ya je ya ɗauko tsumagiya. Kaka ya ce, "Ajiye. Ba mai taɓa shi." Amma bai sauƙaƙa mini ba. Ni ya sa na kwashi naman a gaban kowa, har da baƙinmu na Mainika, na kai bayan gidanmu na tsaya har karnuka suka cinye. Ranar nan miyar kuka lami, ba nama, aka sha a gidanmu, yajin Iya yana ajiye a ƙwarya. Tsarana kuwa suka laƙaba mini Mai Mushe, sunan da ya bi ni fiye da shekara.

Washegari Kaka ya same ni a raɓe a bayan rumbu. Ya ce, "Hannunka ne ke murɗewa. In an gama girbi za mu koma kututture. Baɗi sai in ci." Bai ƙara tayar da maganar ba.

Ba mu koma kututturen ba. Cikin marka, gero yana fitar da kai, zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana biyar Allah ya karɓi abinsa. Ni kaɗai na koma wajen kututturen da rani ina jifa har kafaɗata ta kumbura. A shekarar na kashe gada, tsini ya shiga ta bayan kafaɗa, jini ya jiƙa ƙasa, mutum uku suna kallo. Aka kai wa Babana hantar ya ci ya sa albarka. Ya miƙo mini saura, na kai bakina, na mayar cikin akushi. Tun daga ranar ban sake iya haɗiye hanta ba.

Sai da na yi aure na samu ƙarfin tambayar Iya abin da ke cina. Lokacin ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Na ce, "Iya, da ban riƙe hannunsa ba, da zai ci?" Ta murza carbinta, sannan ta ce, "Da ya ci mana. Ya yi zargi, amma bai gani ba, kuma ba a ƙaryata mai mashi. Da ya ci, ya sa maka albarka a gaban mutane. Sai dai da bai sake tambayarka komai ba har ya koma ga Allah."

Yanzu in ka bi hanyar Kabo zuwa Gwarzo gona ce ke haɗe da gona. Kwazazzabon nan an noma har bakinsa, ana ɗibar yashi a cikinsa. Rabon da in ji an ga gada a wajenmu har na manta. Ƴaƴana a hoto suka san ta, mashin Kaka da ke jingine a bayan ƙofata kuwa sun ɗauka don ɓarayi aka ajiye shi. Nama sai dai mu saya a leda, ba ka san wanda ya yanka ba, shi ma bai san wanda zai ci ba, ba wanda zai dubi idon wani ya tambaya. Ban ce mutanen yanzu sun fi mu ƙarya ba, ai ka ji irin tawa.

Na yi farauta shekaru bayan haka kafin daji ya ƙare, na kawo nama mai tsarki gida ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk wanda ya ci ya gode. Amma mutum ɗaya na so ya ci daga hannuna, kuma abin da na taɓa ajiyewa a gabansa mushe ne.